Darasi na Tara: Lissafin Wutar Sola Kafin a Je Kasuwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareta kowane dare ya gagari gidaje da yawa a Jos. Shi ya sa yanzu in kun ɗaga kai a Gangare, ko Anguwan Rogo, ko Bukuru, za ku ga farantan sola a kan rufin kwano. A ƙauyukan da turakun lantarki ba su kai ba kuwa, da sola yara suke karatun dare. Wani gida ya yi shekaru yana morar tasa. Wani kuma kafin shekara ta zagayo batir ya mutu, mai gida yana ta cewa an cuce shi. Akan yi cutar, ba a musu. Amma sau da yawa tun daga gida matsalar ta faro, domin an tafi kasuwa ba a san yawan wutar da ake bukata ba. A wannan darasi za mu koyi yin lissafin da kanmu. Duk wanda ya iya tarawa da ninkawa da rabawa zai iya shi. Ku ɗauko littafi da fensir.

Kaya huɗu da haruffa uku

Farantin sola, wanda masu shago suke cewa fanal, shi ne yake mayar da hasken rana wuta. Batir yana ajiye wutar har dare. Tsakaninsu akwai ɗan akwati da ake kira kwanturola, aikinta hana batir cika fiye da ƙima ko ƙarewa ƙarƙaf. Ta huɗu ita ce inbata, mai mayar da wutar batir irin ta soket ɗin bango. Gidan da fitilu da cajin waya kawai yake so zai iya zama ba inbata, tun da akwai ƙwan fitila da fanka har da talabijin masu aiki da wutar batir kai tsaye.

Ku ɗauki batir kamar randa, faranti kuma kamar indararon da yake zuba mata ruwa. Abin da aka tara da rana, shi kaɗai za a ɗiba da dare.

A jikin kayan wuta akwai haruffa uku da ya kamata ido ya saba da su. W na nufin wat, wato ƙarfin wutar da abu yake ja ko yake bayarwa. V na nufin bolt, wato ma'aunin yadda ake tura wutar cikin waya. Ah kuma a jikin batir ake ganinsa, yana nuna girman cikinsa. Ku juya bayan rediyo ko talabijin, ku nemi 'yar takardar da aka manna, za ku ga lamba da W a gefenta.

Lissafin gida

Dokar guda ce: wat ɗin abu sau awoyin da yake aiki a yini. Amsar ita ce wat-awa. Ga misalin gida mai ɗaki biyu da tsakar gida:

Ƙwan fitila 4, kowanne wat 7, awa 5: 4 × 7 × 5 = 140
Talabijin mai wat 40, awa 4: 40 × 4 = 160
Fanka mai wat 30, awa 4: 30 × 4 = 120
Rediyo mai wat 5, awa 6: 5 × 6 = 30
Cajin waya 4, a ba kowacce wat-awa 10: 4 × 10 = 40

Idan aka tara, 490 ke nan. Mu ce 500 don sauƙin lissafi.

Ba a tsayawa a nan. Wani kaso na wutar yana salwanta a cikin wayoyi, da cikin batir, da cikin inbata. Ku taɓa inbata tana aiki, za ku ji ɗumi, wannan ɗumin wutarku ce take tafiya. Saboda haka a ƙara wajen kashi 30 cikin 100. Kashi 30 na 500 shi ne 150, jimla 650. Wannan ita ce wutar da faranti zai samar kullum.

Yanzu sai rana. Tana haskawa na wajen awa goma sha biyu a yini, amma hantsi da la'asar ba su da ƙarfin tsakar rana. Idan aka dunƙule hasken yini guda, a nan Jos bai fi na awa biyar zuwa shida masu ƙarfi ba da rani. A Yuli da Agusta kuwa, kowa ya san yadda gari yake wuni a lumshe, ga yayyafi. To da watannin nan za mu yi lissafi, domin wutar da ta ishe ku a Agusta za ta ishe ku a Janairu. Mu ɗauki awa 4.

650 ÷ 4 = 162 da ɗoriya.

Faranti ba ya ba da cikakken abin da aka rubuta a jikinsa sai rana ta yi tsaye kuma fuskarsa fes. Don haka gidan nan mai wat 200 zai saya, ko biyu masu wat 100.

Batir

A nan kuɗi suka fi tafiya, a nan kuma aka fi yin asara, saboda haka mu natsu.

Batir mai 12V da 100Ah, cikinsa 12 × 100 = 1,200 wat-awa. Sai mai gida ya ce to ai ya ninka bukatata, har da saura. A'a. Batir mai dalma, ko mai ruwa ne ko busasshe, ba a shan fiye da rabinsa. In ana tatse shi kullum har fitila ta mutu da kanta, cikinsa yana lalacewa a hankali, sai a wayi gari yana cika da wuri yana ƙarewa da wuri. Ke nan a cikin 1,200 ɗin nan, 600 ne naku. Gidan misalinmu zai iya maneji da shi in ana cajin wayoyi da rana, amma mai 150Ah ya fi kwanciyar hankali, domin rabinsa 900 ne, zai ɗauki ranar da hadari ya rufe gari.

Batirin litiyam ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, ba ya son ƙarin ruwa, ya fi sauƙin ɗauka, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Tsada ce kawai matsalarsa. A ganina, wanda yake da hali ya daure ya saye shi sau ɗaya ya huta. Wanda ba shi da hali ya sayi mai dalma sabo, ya kula da shi. Abin da ba na ba kowa shawara shi ne tsohon batir da aka wanke aka goge, domin ido ba ya ganin abin da ya rage a cikinsa. Batirin mota ma ba na wannan aiki ba ne, an yi shi ne don ya tayar da inji cikin daƙiƙa kaɗan.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi: a sayi ƙaton batir a haɗa shi da ɗan ƙaramin faranti. Batirin ba zai taɓa cika ba, kuma batir mai dalma da yake kwana yana tashi ba cika, mutuwa yake yi. In kuɗi sun gaza, a rage kayan da ake kunnawa, kada a rage faranti.

Yawancin kwanturola suna nuna lamba. Idan batir mai dalma mai 12V ya huta, ba caji ba a kunna komai, bolt 12.6 ko 12.7 na nufin ya cika. In ya sauko 12.1, ya kai wajen rabi, sai a kashe talabijin a bar fitila. Mai ruwa kuma a riƙa buɗe shi duk wata ana dubawa. In ruwan ya yi ƙasa, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da ƙarin asid. A ajiye shi inda iska take shiga, nesa da murhu da ashana, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Idan ya mutu, a mayar wa masu saye, kada a fasa shi a gida, kada yara su yi wasa da shi. Dalmar cikinsa guba ce. Mun ji yadda gubar dalma ta hallaka yara da yawa a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito.

Abin da ba a jonawa

Duk abin da aikinsa zafi ne, ci ne da shi. Dutsen guga yana jan wajen wat 1,000. Gugar rabin awa 500 ke nan, daidai da wutar gidan misalinmu ta yini guda cur. Hitar dafa ruwa ma haka take ko ta fi. Na san sanyin Disamba a Jos ba wasa ba ne, kuma da asuba ake son ruwan zafi, lokacin da batir ya riga ya gaji. A ɗora a murhu. Firji yana yiwuwa, sai dai nasa lissafin daban ne, domin yana fizgar wuta mai yawa duk sanda injinsa zai tashi.

Kafawa da kulawa

Jos tana arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, da wajen digiri 10. Saboda haka faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai gangare ya wanke shi. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa, domin zafi yana rage masa ƙarfi. Ku kula da inuwa. Reshen mangwaro ko tankin ruwa da ya rufe kusurwa ɗaya yana iya karya ƙarfin farantin gaba ɗaya. Da hunturu ƙura takan lulluɓe shi, sai a goge da ruwa da tsumma mai laushi ko da sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A ɗaure shi da noti sosai saboda guguwar farkon damina.

Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwanturola, sannan faranti. Wajen cirewa, faranti ne farko. A sa fis kusa da batir a kan jar waya, a yi amfani da waya mai kauri, domin siririya tana zafi har ta jawo gobara. Garin nan akwai tsawa, don haka mai haɗawa ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaure ƙarafan faranti da ita. Gidan da yake da wutar NEPA kuma, dole a sa makunnin da yake raba layinta da na inbata. In babu shi, wutar gidanku tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau turke. Wannan aiki a kira wanda ya koye shi.

Ruwa da iska

Wutar ruwa tsohuwar aba ce a Filato. Tun 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki daga gangaren ruwan Kura da ke yankin Barikin Ladi, don ma'aikatun haƙar kuza. Abin da suka yi da manyan injuna, ƙauye mai rafi a gindin dutse zai iya yin ƙaraminsa. Abu biyu ake aunawa: yawan ruwa, da tsayin da yake faɗowa. A tare ruwan ya bi ta bututu ɗaya, a tara bokiti mai lita 20, a duba agogo. In ya cika cikin daƙiƙa 4, lita 5 ke nan a daƙiƙa. Sai a auna tsayi daga inda za a ɗebi ruwan zuwa inda inji zai zauna, mu ce mita 10. Ga ƙaramin inji, lissafin shi ne litar da ake samu a daƙiƙa sau mita sau 5:

5 × 10 × 5 = wat 250.

Kada ku raina 250 ɗin nan. Ruwa ba ya barci, awa 24 yake gudu, 250 × 24 = 6,000 wat-awa, wutar gidaje tara irin na misalinmu. Sai dai a yi awon a watan Maris, lokacin da rafi ya fi ƙanƙancewa. A kuma zauna da mai unguwa da masu noman rani tun kafin a taɓa ruwan, domin da shi ake ban ruwan dankali da kabeji. Kududdufan da haƙar kuza ta bari, duk girmansu, ba sa ba da wuta in ba gangaren da ruwan zai faɗa.

Iska kuwa, tudun Jos yana cikin wuraren da suka fi samunta a Najeriya, kuma a Lambar Rimi ta jihar Katsina gwamnati ta kafa manyan fankokin lantarki. Idan gudun iska ya ninka, wutar tana ninkawa sau takwas, in ya ragu kuma haka take zubewa. A cikin unguwa gine-gine da itatuwa suna karya ta, saboda haka fankar iska a kan rufin gida ba ta cika biyan kuɗinta ba. Ta fi dacewa da buɗaɗɗen tudu, a kan dogon ƙarfe, a matsayin ƙari ga sola.

Aikin gida

1. Ku rubuta kayan wutar gidanku, da wat ɗin kowanne, da awoyin da yake aiki. Ku fitar da jimlar wat-awa, ku ƙara kashi 30 cikin 100.
2. Gida yana bukatar wat-awa 800 bayan an ƙara kashi 30. Faranti mai wat nawa lissafi ya bayar, kuma mai nawa za ku saya?
3. Batir mai dalma, 12V da 200Ah. Wat-awa nawa ne cikinsa, nawa kuma za a iya sha?
4. Bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 10, tsayin gangare mita 15. Wat nawa za a samu?

Ku zo da amsoshinku aji na gaba. Wanda yake da tsohuwar kwanturola ko ƙwan fitila a gida ya taho da shi, mu karanta rubutun jikinsa tare.