Yadda ake haɗa waƙa, rawa da barkwanci a dandali ɗaya cikin dare ɗaya

Bodabil ake kiran irin wannan wasa a Amurka, ko da yake kalmar daga Faransanci ta fito. Daga wajen 1880 har farkon shekarun 1930 yana cikin manyan abubuwan kallon mutanen birane a can. Mawaƙi ya sauka masu rawa su hau, ɗan dabo ya biyo baya, mai barkwanci ya karɓa, ba wani labari guda da ya ɗaure su. A 1881 wani mai gidan wasa, Tony Pastor, ya raba nasa wasan da batsa a New York don mata da yara su riƙa shiga. Rediyo da fim mai magana, wanda ya kunno kai a 1927, su suka kwashe wa bodabil 'yan kallo. Yanzu kuma akwai masu wasa da ke ta da shi daga barci.

A Garwa, Marwa da Ngaundare na Kamaru ko Njamena ta Chadi ba sai an aro masu wasa daga wani wuri ba. Akwai ɗan kama, akwai 'yan gambara, 'yan hoto masu wasa da galma, masu kalangu da goge da algaita, ga matasa masu rawar zamani. Abin da ke kashe mana taro shi ne rashin jeri da rashin tsare lokaci, kuma nan ne mutanen bodabil suka ƙware.

Jerin fitowa

Fitowa takwas ta isa, cikin awa ɗaya da rabi: biyar kafin hutu, uku bayansa. A buɗe da wasan da ba magana a cikinsa, kamar 'yan hoto ko masu alkafura, na minti 6. Dalili kuwa, a lokacin mutane na ta shigowa, ana jan kujeru ana gaisawa, duk wanda ya fito da zance a wannan hayaniya ya yi asarar bakinsa. Ta biyu sabon mawaƙi, minti 7, don a nan kuskure bai cika tsada ba. Ta uku ɗan gajeren wasan ban dariya na mutum biyu ko uku, minti 10. Ta huɗu mai goge ko garaya, minti 8, a ɗan kwantar da jini. A rufe kashin farko da babbar rawa mai cika ido, minti 12, yadda mutane za su fita hutu suna zancenta.

Hutu minti 10 ne. Bayansa a sa abu mai motsi, dabo ko rawar matasa, minti 8, ya janyo waɗanda suka tsaya wurin mai shayi. Gwanin daren shi ke fitowa na bakwai, minti 15. Masu shirya taro da yawa na ajiye shi a can ƙarshe, kuma kuskure ne, domin lokacin masu yara sun fara miƙewa, masu zuwa nesa na tunanin samun babur. Ƙarshe na masu kiɗa ne da 'yan rawa, minti 6, su raka jama'a zuwa ƙofa. Kada mawaƙi ya bi mawaƙi, kada mai barkwanci ya bi ɗan'uwansa, domin na biyun kullum gasa za a ɗora masa.

Dandali da labule

Dandali mai faɗin mita 6, zurfin mita 4, tudun santimita 60 ya wadatar. A daddale katakon da ƙusa sosai, a bi shi da hannu a tabbata ba wadda ta leƙo, saboda masu rawa da yawa ba takalmi suke yi ba. Sai a rataya labule a bar kamar mita ɗaya da rabi a gabansa. Wannan ɗan fili shi ne sirrin gudun wasan: mai barkwanci ko mawaƙi ɗaya na gaban labule yana aikinsa, a baya ana jera ganguna da tabarmi na masu biyo shi. Ta haka tsakanin fitowa da fitowa ba zai wuce minti ɗaya ba. Shiru na minti uku ya isa kowa ya ciro waya, kuma dawo da hankalinsu aiki ne.

'Yan hoto ba a dandali ake sa su ba. Galma suke cillawa sama su cafe, don haka a ba su ƙasa a fili marar rumfa da wayar lantarki, a ja layin farko na kujeru baya aƙalla mita 4, a hana yara zama gaba.

Fitila biyu masu ƙarfi a gaba, dama da hagu, a ɗaga su sama da kan mai tsaye. In haske daga baya ya fito, fuska za ta zama inuwa, rabin barkwanci kuwa a fuska yake. Lasifikoki su kasance gaba da makirufo, suna kallon jama'a. Wannan ƙugin da ke huda kunne yana faruwa ne idan makirufo ya ɗebi sautin lasifika ya mayar mata. Kalangu da algaita ba sa bukatar makirufo a ƙaramin fili, goge da murya su ke bukata. A tanadi janareto ko da akwai wuta, a kai shi bayan katanga kamar mita 20. Da hunturu fatar ganga kan ɗame, tsarkiyar kalangu kan tsinke, sai a zo da wata a aljihu. Mai goge kuma kada ya manta ƙaron da yake shafa wa izgarsa.

Barkwanci

Wasan mutum biyu ya fi sauƙin tsayawa: ɗaya mai hankali da ke tambaya fuska a ɗaure, ɗaya wawa da ke karkatar da amsa. Mai hankalin in ya yi dariya, wasa ya zube. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla, daga nan a yi shiru har dariyar ta fara sauka kafin a ci gaba. Sababbin hannu tsoron shiru suke, sai su yi magana a kan dariyar da suka sha wahalar samowa.

Taro a nan ba na harshe ɗaya ba ne. A Garwa da Marwa kunnuwa da yawa sun fi sabawa da Fulatanci, a Njamena da Kusiri Larabci, ga kuma Faransanci. Kada a tsaya fassara barkwanci, yana mutuwa a hanya. Gara a gina rashin fahimtar cikin wasan kansa, misali mai saye da mai sayarwa kowa na ciniki da harshensa, hannu da fuska su yi sauran bayani. Wasan Fulani da Barebari yana da daɗi idan kowane ɓangare ya samu ramawa a dandalin. Tsohon bodabil yana da mummunar ɗabi'ar shafa baƙin fenti a fuska ana yi wa baƙar fata ba'a, wannan kam a bar shi a kabarinsa, tare da ba'ar naƙasa da ta addini.

Sanƙira da liƙi

Nan ne lokaci ya fi zurarewa. Sanƙira ya gai da manya sau ɗaya tak a farko, cikin minti 3, daga takardar da aka rubuta masa. Bayan haka aikinsa jimla biyu ne: wane ne zai fito, me zai yi. Liƙi kuwa ba a hana shi, abincin mai wasa ne, amma in aka bari ana hawa dandali a tsakiyar waƙa, minti 8 sai ya koma 20. A ajiye wa kowace ƙungiya faranti a gaban dandali, a sanar cewa minti na ƙarshe na kowace fitowa na masu kyauta ne. A kuma yanke tun kafin ranar, gaban shaidu, nawa kowa zai samu daga kuɗin ƙofa, da ko za a haɗa liƙi a raba ko kowa ya ɗauki nasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ruwa ba tsananin zafi, a fara bayan sallar isha'i. A kai sanarwa ofishin superefe, wato jami'in mulki na gunduma, aƙalla mako guda kafin ranar, a je a gai da lawan ko jauron unguwa, a faɗa wa maƙwabta lokacin tashi.

Gwaji biyu ake bukata a dandalin kansa, na biyun da kayan ado da agogo. Mutum guda ya zauna gefen labule da tocila: haske ɗaya, saura minti guda, haske biyu, a sauka. Wanda ya wuce lokacinsa a gwaji, a nan take za a zauna da shi a cire baiti ko a datse wasa, kada a karɓi alkawarin cewa zai gyara ranar taro.