Tarin ƙirji ne ko namoniya? Ƙirga numfashi kafin ka ruga kemis

Duk shekara da hunturu ya kankama ƙura ta taso sai kaga asibitin sha-ka-tafi ya cika da masu tari, kowa da kalmarsa a baki wai sanyi ne ya shige shi, kuma yawanci sun riga sun bi ta kemis an haɗa musu kafso kala uku kafin su zo. Toh ba duka tarin bane ɗaya. Akwai wanda ya tsaya a bututun iska, shi ne likitoci ke kira buronkaitis, a da ana ce masa mashaƙo amma tunda annobar maƙogwaro ta ɓarke a Kano a 2023 sunan ya koma kanta, don haka ni tarin ƙirji nake cewa kar a rikice. Akwai kuma namoniya, wadda ta wuce bututun ta sauka can cikin huhu inda iska ke shiga jini, ruwa da mugunya su taru a wajen. Wannan ce mai kisa, musamman yara ƙanana da tsofaffi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙarar tarin. Mai tarin ƙirji zai hana gida bacci, majina kore ko rawaya, ƙirji na ƙugi, amma zaka ganshi yana cin tuwonsa yana hira, zazzaɓin ma kaɗan ne ko babu. Kusan duka bairos ne ke kawo shi irin na mura, kuma kafso, wato maganin kashe bakteriya, baya taɓa bairos ko kaɗan, launin majina ma ba hujja bace. Yakan ɗauki har sati uku kafin ya sake ka. Shi kuma mai namoniya wani lokacin tarin nasa ba wani mai ƙarfi bane, sai dai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, haƙarƙari na suka in ya ja numfashi, haki kamar wanda ya yi gudu alhali a kwance yake.

In yaro ne ga abin da za ki yi tun a gida. Ki bari sai ya natsu, ba yana kuka ba ba yana shan nono ba, ki ɗage masa riga ki kunna agogon waya ki ƙirga sau nawa cikinsa ya taso a minti ɗaya cur, ba rabin minti ki ninka ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 ya yi yawa, daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, shi ma'aikacin asibitin zai yi amfani da shi. Sannan ki duba ƙasan haƙarƙari, in yana lotsawa ciki lokacin da yaron ke jan iska toh ki ɗauki mayafi kawai ku tafi asibiti. In kuwa ya ƙi karɓar nono ko ruwa, ko duk abinda ya sha sai ya dawo, ko jijjiga, ko baccin da ba a iya tashinsa, ko leɓe ya sauya launi, kar ma a tsaya ƙaramin asibiti in akwai babba kusa, ko da tsakar dare ne. Jaririn ƙasa da wata 2 shi kam ba a masa magani a gida sam.

Babba kuma in numfashinsa ya kai 30 a minti ko ya fara sambatu, ko ya haura shekara 65, ko dama yana da suga ko ciwon zuciya ko asma, a hanzarta. Tsofaffi sun iya ɓoye ta wlh, wani ba zazzaɓi ba komai sai dai kaga Baba ya daina cin abinci ya rikice.

A asibiti za a auna zafin jiki, a saurari ƙirji da bayan, a maƙala ɗan abin nan a yatsa mai nuna iskar da ke jini. In ba a maƙala ba ka tambaya, ba rashin kunya bane, don in ya sauka ƙasa da 90 magana ta koma kwanciya da oksijin. Za a iya gwada maleriya tunda ita ma tana sa zazzaɓi da haki, in akwai shakka a tura hoton ƙirji.

In aka ce namoniya ce mara tsanani yawanci amoksisilin ake bayarwa, na yara akwai wanda ake narkawa a ruwa, kwana biyar galibi, yawan kuma da nauyi ko shekarun yaro ake lissafawa ba da na ɗan maƙwabta ba. A shanye duka. In kwana biyu zuwa uku ba sauƙi ko abin ya ƙaru a koma.

In kuma likita yace tarin ƙirji ne bai rubuta kafso ba bai yi allura ba, kar ka fita kana cewa bai iya aiki ba, inaga ma shi ne ya iya. Ruwa da yawa, hutu, farasitamol in jiki na ciwo, zuma a ruwan ɗumi amma banda yaron da bai cika shekara ba. A nisanci hayaƙin itace da sigari, kuma don Allah a daina kwana da garwashi a rufaffen ɗaki saboda sanyi. Maganin tari mai kodin tun 2018 gwamnati ta hana shi a Najeriya, kar a kawo maka ta bayan fage. Cire beli ma baya maganin tari, jini kawai yaro zai zubar.

Tarin da ya kai sati biyu, balle da rama da gumin dare ko jini a majina, a kai majina gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da maganin duka. Masu jarirai kuma ku duba katin rigakafi, allurar namoniya na cikin waɗanda ake yi a sati 6 da 10 da 14, in an tsallake ɗaya a je da katin a cike.