Yadda za ki shawo kan yaro mai zaɓen abinci ba tare da ɗura ko duka ba

Maman yara, in ɗanki ya kai shekara biyu ko uku ya fara ture kwano, tuwo a'a, wake a'a, ganye kuwa ko ɗan ƙanƙani ya hango a miya sai ya tsince ya ajiye a gefe, kullum kukansa Indomie ko biskit ko shayi da burodi, toh ki fara kwantar da hankalinki tukunna don yawancin yara sai sun bi ta wannan hanyar. A shekarar farko jariri yana ninka nauyin da aka haife shi da shi kusan sau 3, amma daga ya wuce shekara ɗaya girman sai ya lafa, abin da yake ƙarawa a shekara bai fi kilo 2 zuwa 3 ba, kinga dole cin ma ya ragu. Ga shi kuma tsakanin shekara 2 zuwa 6 ne yara suka fi ƙyamar duk abincin da ba su saba da shi ba. Sannan cikin nasa ma gaba ɗaya bai wuce girman dunƙulen hannunsa da yawa ba, malmalar tuwon da kike zuba masa irin ta yayyensa tun daga ido ta riga ta gundure shi.

Abu na farko dan Allah a daina ɗura. Kowa ya san yadda ake yi, a kwantar da yaro a cinya a matse ƙafafunsa, a tara hannu a bakinsa a dinga kwarara kunu, in ya ƙi haɗiyewa a toshe masa hanci har sai ya buɗe baki neman iska, yana kuka yana shaƙewa kunun yana fitowa ta hanci. Wallahi abin nan yana da haɗari, don yaron da ke kuka yana jan numfashi kunun zai iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi da limoniya, wani ma a take numfashin ke ɗaukewa. Ko Allah ya tsare bai shaƙe ba, abin da ya koya shi ne cokali da kofi abin tsoro ne, gobe yana hango ki da kofi zai ruga bayan ɗaki. Haka duka da tsawa da "in baka cinye ba sai na kira dodo", duk ƙara masa ƙin abincin suke yi.

Abin da ke aiki shi ne a raba aiki tsakaninki da shi. Wata masaniyar abincin yara a Amurka mai suna Ellyn Satter ce ta shahara da wannan tsarin, kuma ni na yarda da shi ɗari bisa ɗari: ke ce mai zaɓar me za a ci, da yaushe, da kuma a ina, shi kuma nasa shi ne zai ci ko ba zai ci ba, da yawan da zai ci. Da farko za ki ji kamar kin sakar masa ragama ne, amma ki duba da kyau, biskit ɗin nan ai ba shi yake sayowa ba, Indomie ba shi yake ɗorawa a wuta ba. Yaro mai lafiya ba ya kashe kansa da yunwa ga abinci a gabansa.

Sai dai fa yunwar sai kin bar ta ta zo. Yawancin yaran da ake cewa ba sa cin abinci in kika bi su daga safe zuwa dare za ki ga suna ci, kayan kwalam da maƙulashe ne suka cika musu ciki, da safe shayi mai sikari cokali uku, ƙarfe goma biskit, an aike shi shago mai shago ya ba shi alewa, an dawo Islamiyya ya sayi ƙanƙara da cincin da canjin da aka ba shi, baba ya dawo da lemon roba, toh ina tuwo zai samu wuri? Ki tsara masa cin abinci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kamar ayaba ko dafaffen ƙwai ko kindirmo, a bar kamar awa biyu zuwa uku tsakanin wannan da wancan, in ya ce yunwa a tsakiya ruwa kawai. Madara ma in ta yi yawa toshe ciki take, yaron da ya wuce shekara ɗaya kofi biyu a rana ya ishe shi. Shayi kuwa ni da za a ji tawa a cire wa ƙananan yara shi, ko aƙalla kar a haɗa shi da abinci, saboda ganyen shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ayon da ke cikin wake da ganye, rashin ayon shi ke kawo ƙarancin jini, ƙarancin jini kuma shi kansa yana kashe sha'awar abinci, kinga abin zagayawa yake yi. Likitocin yara suna cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar ma a sa masa sikari a abinci kwata-kwata, zuma kuma haramiyarsa ce har sai ya cika shekara 1.

Yanzu ga yadda za ki gabatar da sabon abu. Ki zuba kaɗan sosai, cokali ɗaya na faten wake ko yanka biyu na karas ɗin da aka dafa ya yi laushi, a gefen abin da kin san yana ci, kada ki ce masa komai, kada ki tsaya a kansa kina ƙirga loma. In ya ci shikenan, in ya taɓa ya shinshina ya ajiye shi ma ci gaba ne, in bai ko kalla ba ki ɗauke bayan kamar minti 20 zuwa 30 fuskarki a sake. Bayan kwana biyu ki sake kawowa. Masu bincike sun gano yaro kan buƙaci a kawo masa abu sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu in ya ƙi sai mu yanke hukunci mu dinga faɗa a gabansa "ai shi baya cin wake", yana ji, shi ma sai ya riƙe abin ya zama sunansa. Ki daina faɗar haka a kunnensa. Kuma in ya ƙi abincin gida kada ki tashi ki dafa masa Indomie don tausayi, ranar da kika yi haka kin koya masa cewa ƙin ci shi ne hanyar samun abin da yake so. Ki rufe abincinsa ki ajiye, lokacin ci na gaba yana nan tafe.

A kicin kuma akwai dabaru da yawa, kuma ba sai kin kashe kuɗi ba. Sau tari ba abincin ne yaro ke ƙi ba, yajin ne ya fi ƙarfin bakinsa, ki ɗibar masa miyarsa kafin ki zuba attarugu. Wani kuma yauƙi ne baya so, kuka da kuɓewa da karkashi duk ba ya shiri da su, amma in kika yi miyar taushe da kabewa da alayyahu da gyaɗa sai ki ga ya sa hannu. Wanda ya ƙi wake da shinkafa ki gwada shi da alale ko ƙosai ko ɗanwake, ai duk wake ne. Alale ma ta fi komai sauƙin sarrafawa, bayan kin markaɗa waken da tattasai da albasa sai ki ɓare busasshen kifi ki cire ƙayar tsaf ki daka shi ya zama gari, ki yanka alayyahu siriri-siriri ki zuba, ki sa manja daidai misali, ki zuba a ƙananan gwangwanaye ki turara, in ta dahu ki juye masa guda ɗaya a farantinsa ya ga tasa ce shi kaɗai, ki bar shi ya ci da hannu ko zai ɓata riga. Indomie ɗin ma ba sai kin yi yaƙi da ita rana ɗaya ba, ki rage ta zuwa sau ɗaya ko biyu a sati, ki sa rabin sinadarin da ke cikin ledar don gishirinsa yana da yawa, ki fasa ƙwai ki watsa karas da kabeji, a hankali kayan lambun suna ƙaruwa taliyar tana raguwa.

Kunu kuma maimakon tsararon koko zalla wanda ruwa ne ya fi yawa, ki haɗa garin da ake kira Tom Brown, gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki jiƙa waken suyan ki cire ɓawon ki shanya, ki soya kowanne daban sama-sama har ƙamshi ya tashi, a kai inji a niƙa a tankaɗe. Ki dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali ba ya zuba, ya dahu sosai a wuta, in da hali ki sa madara ko ki murƙushe ayaba a ciki a madadin sikari. Garin zogale da aka shanya a inuwa rabin ƙaramin cokali ya isa a miya ko fate, in kika cika zai yi ɗaci ki ɓata aikin. Dankalin Hausa mai jan ciki, kabewa, gwanda, mangwaro, manja, duk suna ba da bitamin A kuma yara suna son zaƙinsu. In an ci wake a bi da lemon zaƙi ko gwaba ko ɗan tumatir, suna taimaka wa jiki ya zuƙi ayon. Gyaɗa da aya kada a ba ƙaramin yaro su gudansu, suna maƙalewa a maƙogwaro, a daka ko a niƙa. Amma fa kada komai ya zama a ɓoye, ki dinga ajiye ganyen a fili shi ma, in ba haka ba zai girma bai taɓa sanin yana cin ganye ba.

Maganar nan ta cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata, babu ƙamshin gaskiya a ciki, ƙwai ɗaya a rana yana daga cikin mafi arha kuma mafi amfanin abin da za ki ba shi. Haka a gidajen da tsokar nama da hanta duk a kwanon maigida suke tafiya yara sai romo, baban yara kai ka gama girma, su ne jikinsu da ƙwaƙwalwarsu ke ginuwa yanzu, ka ce a fara cire nasu.

Ku zauna ku ci tare, wannan yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, yaro abin da ya ga uwarsa da babansa da yayyensa suna ci da daɗi shi yake miƙa wa hannu. Sai dai in tire ɗaya ake zuba wa yara, ƙaramin da ke ci a hankali kafin ya yi loma uku manyan sun share, don haka a zuba masa a ɗan kwanonsa amma a kan tabarma ɗaya da su, ke ma kin ga iya abin da ya ci. A kashe talabijin a ajiye waya, yaron da ake tura wa abinci yana kallon katun bai san me ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba, ranar da babu caji kuma babu cin abinci. Kuma manya su kiyaye bakinsu, in baba ya yatsine fuska ya ce shi ba akuya ba ne da za a ba shi ganye, an gama. Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa naman damo ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanensa shi ya sa ransa bai karɓa ba, Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Toh in ɗanki yana cin wake da kifi da alayyahu amma kuɓewa ce kawai ta gagara, ki ƙyale shi da kuɓewar nan, kowa da abin da ransa baya so.

Ki sa shi aiki, ya tsinke miki zogale, ya wanke tumatir, ya zaɓi wace gwanda za a saya wajen mai kayan marmari, ko ku shuka alayyahu a tsohon bokiti ya dinga ba shi ruwa. Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu masu kyau, ayaba ko lemon zaƙi, kada ki tambaye shi me zai ci. Cin hanci kuma a daina, "cinye wakenka in baka alewa" yana nuna masa wake wahala ne alewa ce lada.

Inda aikin ya fi wuya shi ne gidan yawa. Kin hana biskit, kaka ta ciro daga ƙasan filo, gwaggo ta ce kin cika boko, har a ce kina horar da ɗa da yunwa. Kada ki yi musu da su a gaban yaro. Ki samu Hajiya ita kaɗai cikin ladabi ki ce Hajiya jikan nan naki ke kaɗai yake jin maganarki, ki taya ni, in za ki ba shi tsaraba ki bari sai ya ci abinci, ko ki ba shi dabino ko ayaba. In maigida ne ya kai wa mahaifiyarsa maganar ma ya fi sauƙi.

Sirof ɗin cin abinci da ake saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, ki duba jikin kwalbar, da yawansu za ki ga an rubuta cyproheptadine, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana sa yaro barci da kasala, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Mafi muni ƙwayar nan ta sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, kumbura fuska take ta tara ruwa a jiki ta raunana garkuwar yaro ta kuma tauye masa tsawo, ko kusa kada ta shiga bakin ɗanki. Abin da ya dace shi ne ɗigon bitamin A duk wata 6 ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1, ana bayarwa a asibitin sha-ka-tafi da kuma lokacin makon lafiyar mata da yara.

Duk wannan bayanin na yaron da ke wasansa yana tsalle-tsalle nauyinsa yana hawa a katin awo ne. In kika ga yana ramewa, ko awo biyu uku nauyin bai motsa ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, yana cin ƙasa, gudawa ta ƙi tsayawa, bakinsa da gyambo, yana shaƙewa ko amai duk sanda ya haɗiyi abu, ko abincin da yake yarda da shi bai wuce kala uku huɗu ba kuma kullum raguwa suke, ki kai shi asibiti kada ki tsaya gwada dabara. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in wurin ya lotsa bai dawo ba wannan kumburin tamowa ne, ranar za a tafi. Za su auna damtsensa da ɗan tef mai kala uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, za a sa shi a shirin tamowa a ba ki abincin gyaɗar nan na leda, kuma magani ne na shi kaɗai, ba a raba wa yayyensa ba a kuma sayarwa.