Yadda Ake Amfani da Kalmar "Vivacious" a Turanci

Masu karatun Turanci kan ci karo da wannan kalma a littattafan labari, musamman inda marubuci ke kwatanta wata budurwa. Da yawa sukan ɗauka tana nufin kyakkyawa. Ba haka ba ne, kuma ga yadda za ka riƙe ta daidai.

Fara da furuci. Gaɓa uku ce: vi-vei-shas, ƙarfin murya yana kan ta tsakiya. Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa kafin ka saki "v" ɗin, don kada ya koma "b".

Sai ma'ana. Ka tuna ƙawar amarya da takan shigo ɗaki ana zaune jugum, ta gaida wannan, ta tsokani waccan, kafin a ankara ɗakin ya kaure da dariya. Ita ce "vivacious". Akwai fara'a a ciki, akwai kazar-kazar, akwai raha da ke jawo mutane. Yabo ce zalla, don haka kada ka haɗa ta da rawar kai. Mai rawar kai gundurar jama'a take yi, wannan kuwa nemanta ake yi a zauna da ita.

Mataki na uku shi ne sanin asalinta, domin shi zai hana ka mantawa. Daga Latin ta fito, daga "vivax", mai tsawon rai ko mai wuyar mutuwa, ita kuma daga aikatau "vivere", wato rayuwa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Tushen nan ne ya haifi "survive", "revive" da "vivid". 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun riga sun san shi a "vivre" da "vivace", har shukar da ba ta mutuwa bayan shekara guda suna ce mata "plante vivace". Ka ga ma'anar farko ta tsawon rai ta tsaya a can, Turanci kuma ya karkata ga walwala.

Daga nan ka lura da wanda za ka faɗa wa. Galibi mata da 'yan mata ake siffantawa da ita, kamar "She is a vivacious young woman", ko kuma halin mutum, "a vivacious personality". Ba laifi ba ne a nahawu ka faɗa wa namiji, amma kunnen Bature zai ji ta baƙuwa. Kasuwa mai hada-hada "lively" ce, ɗan ƙwallo mai kuzari "energetic" ne. A takardar neman aiki ma, shawarata ka guje ta, ta fi dacewa da bakin wani yana yabon wata.

In suna kake buƙata, "vivacity" ne. In bayanau ne, "vivaciously". Rubuta jimla ɗaya da kowanne a kan wata da ka sani mai irin wannan hali, ka karanta da ƙarfi.