Kafin ka kai gida kasuwa: kurakuran da ake yi wajen zaɓen wanda zai duba ginin

Mai sayar da gida a Kano ko Kaduna ko Zariya abu biyu ne yawanci a ransa: nawa za a taya, yaushe kuɗi za su shigo hannu. In ka ce masa ya kira masani ya duba lafiyar ginin tukuna, sai ya ce ai wannan aikin mai saye ne. To, mai sayen zai zo da nasa mutumin kuwa, kuma duk abin da ya tono a ranar, da shi za a karya maka farashi. Tsagar da buhun siminti biyu zai rufe, in idon mai saye ne ya fara ganinta, sai ka ji ana maganar zabge miliyan. In kuma ba a gani ba sai bayan ya tare da iyalinsa, zance na iya kaiwa gaban alƙali. Malaman Malikiyya sun daɗe da kasa aibin gida kashi-kashi: akwai ƙaramin da ba a waiwayarsa, akwai wanda ake rage wa mai saye kuɗi a kansa, akwai kuma babban da ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa.

A Amurka duba gida sana'a ce mai zaman kanta, masu yin ta suna da ƙungiya mai suna ASHI tun 1976, jihohi da dama kuma sai da lasisi ake yin ta. Mu a nan aikin a rarrabe yake a hannun masana daban-daban, kai ne za ka san wa za ka kira, kuma daga nan tuntuɓe ke farawa.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne a bar wa dillali zaɓen. Kowa ya san yadda zancen ke tafiya. "Alhaji, kada ka wahalar da kanka, akwai wani injiniya namu, yaron kirki ne, gobe zan taho da shi." Dillali ba lallai ne mugu ba, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka duk abin da zai kawo jinkiri abokin gabarsa ne. Mutumin da ya kawo kuma ya san wanda zai sake kiransa wani aikin gobe. Wannan ba wa kura ajiyar nama ne. Akwai ma abin da ya fi haka muni, wato dillalin da ke cin gefe biyu, ya kawo wanda zai kambama aibin gidan don ka saki da araha, daga baya ka ji an sayar wa wani da riba mai tsoka. Gyaran mai sauƙi ne: mai duba gida ya zama naka, kai ka nemo shi, kai za ka biya shi, kuma kuɗinsa yankakke ne da aka yi magana tun kafin ya taka ƙofar gidan. Duk wanda ya ce a ba shi kaso cikin kuɗin gidan in an sayar, ya zama dillali na biyu, sallame shi cikin mutunci.

Sai rashin bambance aiki. Mutane da yawa suna kiran mai ƙiyasta darajar kadara, ya rubuta musu cewa gidan ya kai kaza, su ɗauka an duba gida. Shi wannan aikinsa kuɗi ne: unguwa, girman fili, yawan ɗakuna, abin da aka sayar da gidajen maƙwabta. Hukumar da ke yi musu rajista ita ce ESVARBON, wadda dokar 1975 ta kafa, ƙungiyarsu kuma NIESV. Zai iya lura da rufi yana yoyo ya rage lissafi, amma ba shi zai gaya maka ko harsashin ginin yana nutsewa ba. Wannan sai injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke nan tun 1970, ko kuma ƙwararren masanin gini mai rajista da CORBON, wadda aka kafa a 1989. In rigimar ta iyaka ce, maƙwabci na cewa katangarka ta shigo masa, to safiyo mai rajista da SURCON kake buƙata. Gidan ƙasa mai ɗaki uku da falo, masanin gini ɗaya da mai aikin wuta na gari sun isa. Bene kuwa, ko hawa ɗaya ne, kada ka yarda da ƙasa da injiniya.

Kuma ba duk wanda ake kira Injiniya ne injiniya ba. A garuruwanmu mai gyaran janareta Injiniya ne, mai haɗa sola Injiniya ne, ɗan kwangilar da ya taɓa zuba dakin, wato rufin kankare, sau biyu shi ma haka. Ba raini ba ne, kowa da gwanintarsa. Amma tambaya ɗaya tana raba gardama: mene ne lambar rajistarka? Mai rajista ba ya jin haushin wannan tambaya, zai karanto maka ita, ya nuna maka hatiminsa da shaidar ya sabunta lasisinsa na bana, kai kuma ka tabbatar a wurin hukumar, ta shafinta na intanet ko a ofishinta. Ka kuma tambayi fanninsa, don COREN tana yi wa injiniyan lantarki da na injina rajista kamar yadda take yi wa na gine-gine, kuma na lantarki ba shi da ta cewa a kan ginshiƙi. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce "haba Alhaji, shekarata ashirin a wannan harka", ka gode masa ka nemi wani.

Wasu kuma maginin da ya gina gidan suke kira, wai ai shi ya san shi ciki da waje. Ya san shi kam. Shi ya san buhu nawa aka rage a kwaɓin, ya san inda aka sa rodi mai milimita 10 a gurbin mai 12. Ba zai tona kansa ba, kuma ba adalci ba ne ma ka sa shi. Ka kira shi ya amsa tambayoyin mai dubawa, zurfin harsashi nawa, ina bututun ruwa ya bi, amma kada ya zama shi ne alƙali.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a kai, wato yadda za ka gane mutumin da ka ɗauko ya san aikinsa tun a rabin awar farko. Wanda ya shigo da babbar riga da takalmi mai sheƙi, ya leƙa falo, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa ya ce "gini lafiya lau", kuɗinka kawai ya ci. Na gaske da tocila yake zuwa, da tsani ko ya nemi a aro masa, da awon tef, da sukundireba a aljihu. Daga waje yake farawa. Zai zaga katanga yana duban inda ruwan indararo ke zuba, ko yana gudu zuwa kwata ko yana kwanciya a gindin bango. Zai tsaya a kan kowace tsaga ya bambance ta. Siririyar da ta yi kamar gashi a kan filasta ba komai ba ce, yawanci filastar ce ta bushe da sauri. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace zuwa sama, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko bakinta ya fi faɗi a sama, wannan ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashi. Zai auna faɗinta, ya leƙa ko ta ratsa zuwa ɗaya gefen bangon, ya buɗe ƙofar kusa ya ga ko tana cijewa.

Daga nan sai ya buɗe silin ya zura kai. Nan ne asirin gida yake. Zai haska katakon rufi, ya caka masa sukundireba. In ƙarfen ya shige kamar cikin burodi, gari ya zubo, ga kuma hanyoyin jar ƙasa sun bi jikin katakon, gara ta gama da shi ko da daga ƙasa silin ɗin fes yake. Zai kashe tocilar ya duba ko hasken rana na shigowa ta hujin ƙusa a kwano. Zai ga wayoyin wuta, ko suna cikin bututu ko an shimfiɗa su tsirara an ɗaure da baƙin salatif. In bene ne, zai duba ƙasan dakin ko akwai tsatsa da ta ɓullo ko siminti ya ɓantare rodi ya bayyana, in ya yi shakka kuma ya ce a kawo na'urar da ake bugawa a jikin kankare a auna ƙarfinsa ba tare da an fasa ba. Zai buɗe famfo, ya ja ruwan masai, ya nemi a ɗaga murfin sokawe, ya auna tazararta da rijiya ko burtsatse, don in ba ta kai mita 15 ba akwai magana, wasu ma 30 suke so. Gida matsakaici ba ya dubuwa da kyau a ƙasa da awa biyu.

Zai kuma yi tambayar da masu gida ba sa so: me ke wurin nan kafin a yi gini? A Kano unguwanni da yawa an cike kududdufai da shara da ɓaraguzai an gina a kai, kuma irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekaru bayan an tare. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Gidan da ya kwana cikin ruwa, irin na Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, ko ya bushe ya sha fenti, sai an duba gindinsa da wayoyinsa. Shi ya sa masani ɗan gari, wanda ya san ƙasar unguwar, ya fi baƙon da aka ɗauko daga nesa don sunansa.

Fenti ma kuskure ne in ya riga dubawa. An saba, da an yi niyyar sayarwa sai a kira mai fenti ya shafe komai. Danshin da ke hawowa daga ƙasa, wanda ke sa filasta ta kumbura ta fitar da farin gishiri daga gindin bango zuwa kusan ƙugu, fenti ba ya maganinsa, wata biyu ya dawo. Abin da ka yi kawai shi ne ka rufe wa naka masanin ido, ka kuma sa mai saye zargi, don sabon fenti a gindin bango kaɗai kowa ya san ma'anarsa. A duba, a gyara, sannan a shafa. In da hali ma a yi dubawar da damina, wajen watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da aka duba a watan Maris ba ya nuna yoyonsa.

Kada ka aika yaro da makulli kai kana kasuwa. Ka tsaya, ka bi shi ɗaki-ɗaki, ka yi tambaya. Kuma kada ka karɓi sakamako da baki. Rahoto a rubuce, da kwanan wata, da hotuna, da sa hannu da hatimi, a ware abin da ke da haɗari yanzu, da wanda zai iya jira, da wanda na kwalliya ne kawai. Tun kafin ka ɗauke shi ka ce ya nuna maka samfurin rahoton da ya taɓa yi, a rufe sunan mai gidan. In shafi ɗaya ne mai cewa komai daidai, ka san abin da za ka samu. Araha ba ta ado a nan.

A kula kuma da mai dubawar da ke ƙare zance da "ni ma ina da ma'aikata, zan iya yi maka gyaran". Wanda zai ci kwangilar gyara, aibi yawa yake yi a idonsa. Ka karɓi rahoton, ka nemi farashi daga wasu mutum biyu ko uku.

Takardu ba aikin injiniya ba ne, amma ciniki ya fi mutuwa a kansu fiye da a kan tsaga, don haka ka sa lauya ya duba su a lokaci guda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da shaidar mallaka ta gwamnati ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna. A bincika fayil a hukumar rajistar filaye, wato KANGIS in Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga ko akwai bashin kuɗin ƙasa ko an taɓa jinginar da gidan a banki. A ɗauko taswirar da hukumar tsara birni ta amince da ita, irin KNUPDA a Kano, a ba mai dubawa ya gwada da abin da ke tsaye, don shagunan da aka ƙara a gaba ko ɗakin da aka ɗora a sama ba da izini ba matsala ce da za ta bi mai saye. Bashin wuta a kan mita shi ma a biya a ajiye rasit. In gidan gado ne, sa hannun magada duka, kafin a kira kowa.

Saura abin da za ka yi da rahoton in ya fito da abin da ba ka so. Wasu sai su jefa shi a durowa su nemi wani mai dubawar da zai rubuta mai daɗi. Ka riga ka sani kuma, ɓoyewa daga nan ha'inci ne, hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama kuwa sananne ne. Hanya biyu ce. Ko ka gyara, ka ajiye rasit da hotunan kafin da bayan aiki, ka sa mai dubawar ya dawo ya tabbatar a rubuce. Ko ka bar shi yadda yake, ka miƙa wa mai saye rahoton da ƙiyasin kuɗin gyara, ka rage daidai wannan, a kuma rubuta a takardar ciniki a gaban shaidu cewa an nuna masa aibi kaza da kaza ya gani ya yarda. Yoyon rufi, wayar wuta da sokawe, gara ka gyara da kanka, don kuɗinsu bai kai tsoron da suke ba mai saye ba. Matsalar harsashi kuwa, yawanci ragin farashi ya fi, mai saye ya kawo nasa injiniyan su yi aikin yadda ransa zai kwanta.