Yadda Ɗaliba Za Ta Shirya Makinta Kafin Neman Shiga Sororiti a Jami'ar Amurka

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata a jami'o'in Amurka da Kanada, mai suna da haruffan Girkanci irin su Alpha Delta Pi ko Chi Omega. Jami'a ta san da zamanta, tana da dokoki a rubuce, da kuɗin da membobi ke biya kowane zango, da aikin agajin da ta keɓanta da shi. Ba ita ce ƙungiyar asiri da iyaye ke fargaba a jami'o'in Najeriya ba. Guda 26 daga cikinsu suna ƙarƙashin inuwar National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902, kuma su ne ke gudanar da makon ɗaukar sababbi da ake yi sau ɗaya a shekara, inda ake hira da masu nema zagaye bayan zagaye ana rage su.

Abin da ɗalibai da yawa ba su gane ba sai bayan an gama shi ne, maki yana yanke hukunci tun kafin kowa ya san halinki. Ana iya cire ki daga sahun masu nema a rana ta farko, ba don hirarki ta yi muni ba, sai don lambar da ke kan takardarki ba ta kai ba. Ga yadda za ki tunkari wannan.

Da farko, gano wane maki za a duba

Ya danganta da lokacin da jami'arki ke ɗaukar sababbi. Jami'ar Alabama, inda masu nema ke haura dubu biyu a shekara, tana yin nata a watan Agusta kafin a shiga aji. A irin wannan wuri ba ki da makin jami'a tukuna, don haka na sakandare za a duba. Jami'o'i irin su Vanderbilt da Indiana da Virginia kuwa suna jinkirta nasu zuwa Janairu, kuma a nan sakamakon zangonki na farko a jami'a shi ne mai magana. Shekaru huɗu na ƙoƙari a sakandare ba za su rufe miki zango ɗaya da ya lalace ba.

Ki buɗe shafin ofishin da ke kula da waɗannan ƙungiyoyi a jami'arki, ki nemi abu uku: ranar rufe rajista, makin da ake buƙata don a yi miki rajistar, da teburin matsakaicin makin kowane reshe, wato ɓangaren kowace sororiti da ke jami'ar. Jami'o'i da yawa suna wallafa wannan tebur duk zango.

Sannan ki lissafa makin da kanki

A Amurka ana auna GPA, wato matsakaicin maki, a kan 4.0, ba 5.0 da aka saba a yawancin jami'o'in Najeriya ba. A tana da 4, B 3, C 2, D 1, F kuma sifiri. Inda ake amfani da alamar ƙari da ragi, B mai ƙari 3.3 ce, A mai ragi 3.7. Ana ninka makin kowane kwas da yawan kiredit ɗinsa, a haɗa, a raba da jimillar kiredit.

Ɗauki ɗalibar da ta yi rajistar kiredit 15. Kimiyyar sinadarai mai kiredit 4 ta samu C, wato 8. Lissafi mai kiredit 4 ta samu B, wato 12. Turanci mai kiredit 3 ta samu A, wato 12. Tarihi mai kiredit 3 ta samu B, wato 9. Kwas ɗin sababbin shiga mai kiredit 1 ta samu A, wato 4. Jimilla 45, a raba da 15, ya ba da 3.0. Da sinadaran nan D ta samu, makin ya sauka zuwa 2.73. Da ta faɗi, ya koma 2.47. Kwas ɗaya mai nauyi ya fitar da ita daga sahun waɗanda yawancin rassa za su duba, ya jefa ta ƙasa da 2.5, inda kusan kowace ƙofa ke rufe.

Idan makin sakandare ne, ki lura da bambancin mai ƙarin nauyi da marar ƙari. Makarantun Amurka kan ba darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi a sakandare, har 5.0, don haka ɗaliba na iya cewa tana da 4.2 alhali a ma'aunin 4.0 tana da 3.6. Ki karanta fom ɗin da kyau ki ga wanne ya nema. Wadda ta zo da sakamakon WAEC ko NECO kada ta juya A1 da B3 da C5 zuwa GPA da ka. Ta tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai wace lamba suka rubuta mata, ko ta yi amfani da rahoton hukumar tantance takardu irin WES idan da shi ta shiga. Lambar da ke fom ɗinki dole ta dace da wadda ke rumbun jami'a, domin za a sa ki sa hannu a takardar izinin duba sakamakonki. Dokar FERPA ta 1974, mai kare sirrin bayanan ɗalibai, ce ta wajabta wannan izini, kuma da zarar kin bayar, za a kwatanta. Wadda ta mayar da 2.94 ta koma 3.0 ta jawo wa kanta zargin ƙarya a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ki fahimci cewa shingen uku ne

Nan ne aka fi ruɗewa. Akwai makin da jami'a ko majalisar Panhellenic ta wurin ta sa don yin rajista, kuma wasu jami'o'in ba su da shi sam. Akwai wanda hedikwatar kowace sororiti ta gindaya wa dukkan rassanta. Akwai kuma wanda reshen wannan jami'ar ya sa wa kansa, wanda sau da yawa ya fi sauran biyun tsauri, kuma ba kullum ake bayyana shi ba. Karɓar kuɗin rajistarki ba shaida ba ce cewa kin tsallake na biyu da na uku. Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna tsakanin 2.5 da 3.0, amma a jami'o'in da gasa ta yi zafi, mai ƙasa da 3.0 ta shirya ganin jerin gayyatarta ya ragu sosai bayan zagayen farko.

Dalilin ba wulakanci ba ne. Duk zango ana kwatanta matsakaicin makin reshe da na sauran rassa da na dukkan ɗalibai mata na jami'ar. Reshen da ya yi ƙasa yana iya fuskantar takunkumi daga hedikwata ko daga jami'a. Ga kuma tsarin da ake kira RFM, wanda ke ƙayyade wa kowane reshe yawan waɗanda zai sake gayyata bayan kowane zagaye. Reshen da kowa ke rububi dole ya saki ɗaruruwa tun da wuri, bayan hirar mintuna kaɗan da kowace. Ba shi da isasshen sanin mutane a wannan mataki, don haka maki ne ma'aunin da ya fi sauƙin kamawa. Takardar shaida daga tsohuwar memba, ko kasancewar mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa zama a ƙungiyar, ba sa ɗage ƙa'idar da hedikwata ta sa. Da ma tun wajen 2020 ƙungiyoyi da dama sun daina ba 'ya'yan tsofaffin membobi fifiko.

Idan naki a Janairu ne, zangon farko shi ne aikin

Kada ki tara kwasa-kwasai masu nauyi uku a zango ɗaya idan tsarin karatunki ya ba da damar rarraba su. Ki san ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas, domin W, alamar janyewa, ba ta shiga lissafin GPA, F kuwa tana shiga da sifiri. Sai dai ga tarko: ɗalibar da ke kan bizar karatu ta F-1 dole ta riƙe aƙalla kiredit 12, kuma yawancin ƙungiyoyi ma cikakkiyar ɗaliba kawai suke ɗauka. A misalin da ya gabata, janyewa daga sinadarai zai bar ta da 11, ta shiga matsalar da ta fi ta sororiti girma nesa ba kusa ba. Wannan ya sa fara zango da 16 ya fi aminci. Kada ki janye daga komai sai kin zauna da jami'in ɗaliban ƙasashen waje.

Idan akwai kwas ɗin da aka rubuta miki I, wato bai kammala ba, ko malami ya yi kuskuren shigar da maki, ki bi sahu kafin hutun Disamba. Ana ciro sakamako ne a rana guda, gyaran da ya zo bayanta ba lallai ya isa ga rassa ba.

Idan makin ya riga ya yi ƙasa

In akwai dalili na gaske, rashin lafiya ko rasuwa a gida, ki rubuta shi a layi biyu ko uku a gurbin ƙarin bayani na fom, tare da nuna yadda makin ya farfaɗo daga baya. Hakan na taimakawa inda ƙa'idar ta reshe ce, ba ta hedikwata ba.

Ki yi hattara a zagayen ƙarshe. Bayan shi za a ba ki takardar MRABA, wato yarjejeniyar karɓar gurbi, ki jera zaɓinki ki sa hannu. Idan aka ba ki gurbi a ɗaya daga cikin waɗanda kika rubuta kika ƙi karɓa, ba za ki iya shiga wata sororiti ta Panhellenic a jami'ar ba sai makon ɗauka na shekara mai zuwa. Wadda aka saki tun farko, ko ta janye ba ta sa hannu ba, tana da damar COB, wato ɗaukar da rassan da ba su cika adadinsu ba ke yi a tsakiyar shekara ba tare da zagaye-zagaye ba. Ga mai maki 2.7 a sakandare, sau da yawa ya fi mata ta haƙura zango ɗaya, ta kawo 3.3 a jami'a, ta nema ta wannan hanya.

Ƙungiyoyin mata baƙaƙen fata huɗu da ke ƙarƙashin National Pan-Hellenic Council tsarinsu daban ne, ba sa shiga wannan mako, kuma makin jami'a kaɗai suke dubawa. Alpha Kappa Alpha, wadda aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, tana neman matsakaicin C mai ƙari. Delta Sigma Theta, ta 1913, tana neman 2.75 da kammala kiredit 24, wato kusan shekara guda. Akwai kuma ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi mata irin su Mu Delta Alpha da ta faro a Jami'ar Texas da ke Dallas, su ma da nasu lokacin ɗauka da ƙa'idar maki, wanda za ki tambaya kai tsaye daga reshen jami'arki.

Bayan an karɓe ki, ana ci gaba da duba sakamakonki kowane zango. Memba da ta sauka ƙasa da ƙa'idar reshe ana ɗora mata awannin karatu na dole a mako, a hana ta wasu tarurruka da tsayawa takarar muƙami, in ta maimaita kuma ana iya dakatar da ita. Ki tambayi wannan lamba tun a zagayen hira, ki kuma tambayi awa nawa sababbin membobi ke kashewa a harkokin ƙungiya kowane mako, ki auna da jadawalin kwasa-kwasanki kafin ki sa hannu.