Yadda ake gyara manhajar da ke rufe kanta bayan sabunta Windows

Jiya manhajar tana aiki lafiya lau. Da daddare Windows ta sabunta kanta, yau da safe ka danna alamarta, tambarinta ya bayyana na ɗan daƙiƙa biyu, sai ya ɓace. Ko kuma ta buɗe, amma da zarar ka ce za ka buga takarda sai ta sanƙare. Da yawa a nan suke ɗaukar kwamfutar su kai a goge komai a sake zuba Windows, alhali galibi fayil ɗaya ne ya daina jituwa da sabon tsarin, kuma Windows ta riga ta rubuta sunansa. Aikinka ka je ka karanta shi. Matakan nan na Windows 10 da Windows 11 ne.

Ka fara da Restart, ba Shut down ba. Akwai bambanci. A yawancin kwamfutoci Fast Startup a kunne yake, wato in ka danna Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani sashe na tsarin ta dawo da shi yadda yake. Restart ne ke loda komai sabo, kuma sabuntawa da yawa ba sa kammala sai da shi. Daga nan ka leƙa Settings, Windows Update, ka ga ko akwai wata da ta maƙale tana jira. In wuta ba ta da tabbas a unguwarku, kada ka bar kwamfutar tebur ta ƙarasa sabuntawa ba tare da UPS ba, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na lalata fayilolin tsarin.

Ka nemo sunan fayil ɗin da ya faɗi. Nan ne gaɓar aikin. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta perfmon /rel. Wani jadawali zai fito, kowace rana da layinta. Jan da'ira mai alamar giciye ita ce ranar da wata manhaja ta faɗi, kuma a ƙasanta za ka ga sabuntawar da aka saka a ranar. Idan jajayen alamomin sun soma daidai da ranar sabuntawa, ka kama bakin zaren. Microsoft na fitar da sabuntawar wata-wata ne a Talata ta biyu ta kowane wata, shi ya sa matsalar kan ɓullo Laraba ko Alhamis.

Don ƙarin bayani, sake danna Windows da R, ka rubuta eventvwr.msc, ka shiga Windows Logs, sannan Application, ka nemi kuskure mai lamba 1000. Layi biyu ne suka dame ka: Faulting module name, wato sunan fayil ɗin da ya faɗi, da Exception code, wato lambar kuskuren. Ka rubuta su a takarda.

Idan sunan ya fara da nv, kamar nvoglv64.dll, direban katin hoto na NVIDIA ne, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita. Mai farawa da ati ko amd na AMD ne, mai ig na Intel. Idan VCRUNTIME140.dll ne ko MSVCP140.dll, matsalar tana ga Visual C++, wato tarin fayilolin Microsoft da manhajoji da yawa ke dogaro da su. Lamba 0xe0434352 tana nuni ga .NET, wani tsarin Microsoft da ake gina manhajoji a kansa, kuma sau da yawa za ka ga wani kuskure mai lamba 1026 kusa da shi. Lamba 0xc000007b ta fi fitowa in an cakuɗa fayil na 32-bit da na 64-bit. Ita kuwa 0xc0000005 ma'anarta manhajar ta taɓa wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ita kaɗai ba ta isa ta faɗa maka mai laifi ba. Haka ma ntdll.dll da KERNELBASE.dll: sunansu na yawan fitowa, amma a hannunsu manhajar ta faɗi kawai, ba su suka tura ta ba. Kada ka kuskura ka sauko da fayil ɗin dll guda ɗaya daga shafukan da ke tallar su a intanet. Hanya ce ta shigo da ƙwayar cuta, kuma ba kasafai take gyara matsalar ba.

Idan direban hoto ne. Windows kan maye gurbin direban da kamfanin kwamfutarka ya saka da wani nata. Rubuta devmgmt.msc, buɗe Display adapters, danna sunan katin sau biyu, ka shiga Driver, ka latsa Roll Back Driver. In maɓallin ya dusashe ba ya dannuwa, tsohon direban ba ya nan, sai ka sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da ainihin lambar samfurinta da ke rubuce a ƙarƙashinta. Ga laftof, na kamfanin laftof ɗin ya fi dacewa a fara gwadawa.

Kada a manta da firinta. Manhajojin rubutu da na zane, irin su Word da CorelDRAW, suna tuntuɓar firintar da aka zaɓa tun suna buɗewa, don haka gurɓataccen direban firinta na iya kayar da su ko ba ka buga komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da zaɓaɓɓiyar firinta zuwa Microsoft Print to PDF, ka sake buɗe manhajar. A watan Maris na 2021, sabuntawa mai lamba KB5000802 ta riƙa jefa kwamfutoci cikin shuɗin allo da zarar an aika aiki ga wasu firintoci, har sai da Microsoft ta fitar da gyara na gaggawa bayan kwanaki kaɗan.

Idan Visual C++ ne ko .NET. Sauko da Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022 daga shafin Microsoft, ka saka duka biyun, x86 (na 32-bit) da x64 (na 64-bit), ko da Windows ɗinka 64-bit ce, domin manhajar kanta tana iya zama 32-bit. MSVCR100.dll na buƙatar na 2010, MSVCR120.dll na 2013. Ga tsofaffin manhajojin lissafin kanti da na makaranta, rubuta optionalfeatures ka tabbata akwai alama a kan .NET Framework 3.5.

Idan babu suna bayyananne, sai a bi ta tankaɗe da rairaya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana gwada manhajar bayan kowane canji. Word ko Excel, riƙe Ctrl lokacin buɗewa, don ta tashi a Safe Mode, wato ba tare da ƙare-ƙaren da aka ɗora mata ba. In ta buɗe lafiya, galibi wani ƙarin da aka ɗora mata ne ke kayar da ita. Sauran manhajoji, rubuta %appdata%, nemo foldar mai sunan manhajar, ka canza mata suna, kada ka goge, don ta ƙirƙiri sabon saiti. Duba Windows Security, Protection history, ko an killace wani fayil nata. Wannan ya fi faruwa da kwafin manhajar da aka fasa lasisinsa, kuma irinsa ba shi da gyara mai ɗorewa, kowace sabuntawa na iya sake karya shi. In har yanzu, rubuta msconfig, a Services ka sa alama a Hide all Microsoft services, ka danna Disable all, ka yi Restart. Manhajar ta tashi? To ka riƙa kunna rabinsu rabinsu har ka kama wanda ke karo da ita.

Idan manhajoji da yawa ne ke faɗuwa tare, tsarin ne ya ji rauni. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sannan sfc /scannow. Ya kan yi kamar ya tsaya cak na tsawon mintuna. Ka ƙyale shi.

Cire sabuntawar shi ne na ƙarshe, saboda a cikinta ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. In ya zama dole, je Windows Update, Update history, Uninstall updates, ka cire mai lambar KB da ta zo ranar da matsalar ta fara. Sai ka danna Pause updates, in ba haka ba za ta dawo da kanta. Dakatarwar ba ta wuce mako 5. Idan babbar sabuntawa ce, kamar hawa daga Windows 10 zuwa 11, hanyar komawa ita ce Recovery, Go back, kuma kwana 10 kacal gare ka kafin Windows ta share foldar Windows.old. Ka kwafe muhimman fayilolinka a filas kafin ka danna. Ka kuma sani cewa tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka komawa can mafaka ce ta ɗan lokaci. A cikin wannan tazarar ka aika wa kamfanin manhajar sunan fayil ɗin da lambar kuskuren da ka rubuta, tare da lambar Windows ɗinka, wadda za ka gani in ka rubuta winver.